Kwat ɗin Yaya Mamman Daga Tanut Zuwa Dakar

Tun ranar da na dawo daga Dakar ban ƙara shan shayi da zafinsa a fadarmu ba. Da na ɗaga kofi sai wani ya ce, "Habu, wai da gaske ne a cikin jirgi ake ba mutum abinci?" Kafin in ba shi amsa wani ya shigo, a ce in koma farko. Ranar kasuwar Belbeji kuwa ciniki ya kusa kuɓuce mini, ina riƙe da igiyar raƙumi ana tambayata yadda teku take. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta sau ɗaya, da ɗan bokon da na tsira da shi daga lakwal, wato makarantar boko, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba. Amma mai jiran labarin gajimare da dogayen benaye sai ya yi haƙuri, don ni rabin tafiyar nan idona a kan riga ɗaya yake.

Ga waɗanda ba su san ni ba, dillalin dabbobi ne ni a Belbeji, kuma ina da wa guda a Tanut, Yaya Mamman tela. Da ƙuruciyarsa ya yi zama a Arlit wajen wani tela mutumin bakin teku, a can ya koyi ɗinkin kwat irin ta ma'aikata, wadda ƴan boko ke ce wa kostim. Da ya dawo gida babu mai sa ta, sai ya koma ɗinkin riguna da wanduna kamar kowa. Ɗansa na fari, Mutari, shi ne ya tafi Dakar karatun likitan dabbobi. Kun dai san halin mutanenmu da ɗan fari. Tun da aka haifi Mutari ban taɓa jin sunansa a bakin Yaya ba, "wancan" yake ce masa. Ba ya zama tabarma ɗaya da shi, in ya bugo waya ma uwarsa ake miƙa wa.

To da labari ya zo cewa Mutari ya gama, saura ranar da zai tsaya gaban manyan malamai ya kare littafin da ya rubuta, abin da suke kira sutanans, sai Yaya ya aika Damagaram aka sawo yadi. A lokacin idonsa ya riga ya yi rauni, likita ya hana shi doguwar tafiya, zare ma matarsa Yaya Rakiya ke zura masa a allura. Wata biyu ya yi a kan ɗinkin nan. Dangi suka haɗa hannu aka yanki tikitin mutum ɗaya, aka duba aka ga ni ne mai ƙafar yawo, ga ɗan faransancina na tsintuwa.

Da na je Tanut karɓa, na same ta a rataye a jikin maratayin katako, cikin wata jaka da ya ɗinka mata da farin zanen gado. Ya dafa jakar ya ce:

"Habu, a rataye za ka kai ta. Kada ta yamutse. Wancan gaban mutane zai tsaya."

Na ce, "Haba Yaya! Ni da na kai garken shanu har Legas ban yar da ko maraƙi ba?"

Ya ce, "Shanu ba su yamutsewa."

Wahalar ta fara tun daga tashar Tanut. Ƙaramar bas ce ta Damagaram, an cusa mu har mutum ba ya iya sosa hancinsa. Na zauna jikin taga na ɗaga kwat sama da hannu ɗaya. A gefena wata mata da galan na man shanu a cinya, duk ramin da muka faɗa sai in ji gabana ya faɗi tare da motar. Ba mu yi nisa ba hannuna ya mutu. Na sauya, ɗayan ma ya mutu. Wani dattijo Ba'abzine da ke bayana ya daɗe yana kallona ta saman rawaninsa, can sai ya ce:

"Aboki, wannan amarya ce ka ɗauko?"

Aka kwashe da dariya. Na ba su labari a taƙaice. Dattijon ya zaro sandarsa ta kiwo, ya soka kanta a ƙarfen saman taga, ya ɗora gindinta a kafaɗarsa, ya ce in rataya. Haka ya tallafe sandar nan har Damagaram. Mai man shanu kuwa ta sauke galan ɗinta ta matse shi tsakanin ƙafafunta. A wani shinge jandarma ya ce in buɗe jakar, na buɗe rabi, ya duba kwalar ya ce wa ya ɗinka. Na ce wana, a Tanut. Ya ce, "A Tanut ɗin nan?" Ya goge hannunsa a wando kafin ya taɓa, abin da ya sa na ji ya kwanta mini a rai. Dattijon ya sauka a bakin gari, ko sunansa ban tambaya ba, har yau abin yana damuna.

Daga Damagaram zuwa Yamai babbar mota ce mai sanyi, da asuba muka tashi. Direban ya yarda na rataye ta bayan kujerarsa. Duk inda aka tsaya salla ko cin abinci, ni ne na ƙarshen sauka, ni ne na farkon hawa. A Maraɗi na sha fura a tsaye ina leƙen taga. A Ƙwanni an kawo tsire mai ƙamshi, na saya amma ban ci a cikin mota ba, na ji tsoron in manta in taɓa jakar da maiƙo. Muka isa Yamai kwat ko ƙura ba ta gani ba, ni kuwa na fara jin kaina.

Na sauka gidan Alhaji Issufu, mutumin Falanko ne da ya daɗe a Yamai yana sayar da hatsi. An karɓe ni hannu biyu, matarsa Hajiya Barira ta yi mini tuwon gero miyar kuka don kada in yi kewar gida. Alhaji ya taɓa zuwa Makka, saboda haka a unguwarsu shi ne malamin jirgi. Washegari bayan la'asar ya dubi jakar a rataye a ƙusa ya girgiza kai.

"Malam Habu, wannan ba za ta shiga haka ba. Jaka ɗaya ake yarda da ita a hannu. In suka gan ka da biyu, karɓewa za su yi su jefa ta ɗakin kaya na jirgi, a jibga mata akwatunan mutane."

Hankalina ya tashi. Na so in bugo wa Yaya, sai girman kai ya ce mini ai wannan ba abin tambaya ba ne. Ku da kuka san ni kun san ba na ba kowa ninkin rigata. A wajenmu yamutsewa daban, kari daban. In mutum ya fito ranar salla da shadda, layukan ninkin nan da ke ratsa ta gida-gida su ne adonta, su ke nuna an buge ta an adana ta. Rigar da ba kari ai cewa za a yi da ita ka kwana. Sai na ce a raina, tun da ba za ta tafi a rataye ba, zan yi mata ninkin da ko a Kano sai an tsaya an duba.

Na shimfiɗa tabarma, na kwantar da ita, na mai da hannuwan baya, na ninka biyu, na sake ninkawa, na yayyafa ruwa da yatsu a kan kowane layi ina danne shi da tafin hannu. Wandon ma na yi masa haka. Na naɗe su a jakarsu ta zanen gado, na tura ƙarƙashin katifa, Alhaji ya ce a ƙara nauyi, muka ɗora buhun shinkafa. Hajiya Barira ta zo wucewa da tsintsiya ta tsaya.

"Anya, Malam Habu? Ni dai ban taɓa ganin ma'aikaci da kari a baya ba."

Na ce, "Hajiya, bar wa masu abin abinsu."

Da safe muka ɗaga buhu. Ta fito a daddanne, gida takwas cif, layuka kamar an ja su da zare. Alhaji ya ce ma sha Allah. Na sa ta cikin jakar hannu, na cusa maratayin a gefe.

A filin jirgi an duba fasfo da katin rigakafi, aka auna akwatina mai cuku da kilishin da Yaya Rakiya ta aika wa ɗanta. Sai wata ƙofa da ake bi, wadda take kuka in ta ji ƙarfe. Sau uku tana yi mini kuka. Na cire agogo, na cire makullai, daga ƙarshe aka gano ƴar wuƙata ta yankan igiya, wadda ta shekara ashirin a aljihuna har na manta ƙarfe ce. Ɗan sandan ya ce ba ta hawa jirgi. Da ya ga yadda fuskata ta yi, sai ya ce in akwai wanda ya rako ni in ruga in ba shi. Allah ya sa Alhaji bai tafi ba.

Tashin jirgi kuwa, ba zan yi muku ƙarya ba, duk addu'ar da na sani na karanta ta, har da ta shiga kasuwa. Kunnuwana suka toshe, maƙwabcina ya ba ni cingam ya nuna mini in tauna. Abinci da gaske ne ana bayarwa, sai dai in ka kai wa baƙo irinsa a ƙasarmu ta Damargu, a ce ka raina shi: shinkafa loma huɗu, da burodi kamar ƙwan zabuwa.

A Lome muka sauka don sauya jirgi. Ina zaune a ɗakin jira sai ga wani mutum fari ƙaƙƙarfa ya zauna kusa da ni, sanye da kwat, ga jakar hannu, ga kuma wata doguwar jakar kwat ya saƙalo a yatsa. Na ce a raina, to shi wannan wa ya ba shi izinin biyu? Ya ga hulata ya yi mini sallama da Hausa. Sunansa Alhaji Sule, haifaffen zangon Kumasi, kakansa daga Katsina ya je fataucin goro bai dawo ba. Hira ta yi daɗi, na ba shi labarin Mutari, bakina kuma bai iya shiru ba, na ce bari in nuna masa aikin wana da aikina. Na zaro, na warware, na ɗaga.

Ya dube ta daga sama har ƙasa. Sannan ya ce, "Subhanallahi. Wa ya yi maka wannan aika-aika?"

Na ce, "Wace?"

"Wa ya ninke ta haka?"

Na ce ni ne, amma muryata ta riga ta yi ƙasa.

Ya karɓe ta a hankali ya ɗora a gwiwa. Ya ce, "Maigida, wanda ya ɗinka wannan ya san aiki, irin ɗinkin da ne, da hannu aka kama cikinta. Amma kwat ba babbar riga ba ce. Layi ɗaya ba ta so. Akwai ciko a ƙirjinta da kafaɗunta, in ka karya shi ka karya ta. In yaronka ya shiga gaban malamai da wannan, dariya za a yi masa kafin ya buɗe baki."

Na ji kamar an watsa mini ruwan randa. Na tuna dattijo da sandarsa, na tuna wata biyun Yaya, duk ga shi na zo na danne su da buhun shinkafa. Kunya da baƙin ciki suka taru mini, har na ji idona ya kawo ruwa a gaban mutumin da ban sani ba.

Alhaji Sule bai yi mini dariya ba, Allah ya saka masa. Ya ce dokar da Alhajina na Yamai ya sani ta jirgin alhazai ce, a nan sau da yawa in ka roƙa ana barin ka da jakar kwat. Ya cire tasa ya nuna mini yadda ake yi in dole sai an sa a jaka. Ka juya kafaɗa ɗaya ciki ya koma waje, ka tura ɗayar a cikinta su rungumi juna, shafin ya zama shi ne a waje. Ka dunƙule singileti ka cusa a ramin kafaɗar. Sannan ka naɗe ta sako-sako a jikin wani tufa mai laushi kamar yadda ake naɗe tabarma, ba ninki ba, ka ɗora ta a saman kaya, kada komai ya hau ta. Wando ma naɗi ne. Ya sa na yi da hannuna sau biyu. Ya ce yanzu dai mu mai da ita maratayinta, in na isa in rataye ta a banɗaki, in saki ruwan zafi in rufe ƙofa, tururi zai taimaka. Jirginsa na Abijan ne, aka kira su ya tafi.

A ƙofar jirgi na biyu na tattaro faransancina gaba ɗaya na zube wa ma'aikaciyar: "Madam, silbuple, kostim, mon fis, doktar." Ta yi murmushi ta karɓa, ta buɗe wani ɗan kabad a gaba ta rataye. Da muka sauka Dakar ita ta biyo ni da ita, don ruɗewa ta sa na kusa wucewa. Na leƙa cikin jakar da fatan ko rataya ta yi aiki. Gida takwas suna nan, ko ɗaya bai ƙaura ba.

Aka buga mini hatimi na fito, ga Mutari ya yi gemu, ya durƙusa har ƙasa a gaban mutane yana "Sannu da hanya, Baba Habu." Ya kai ni gidan da yake haya, na wata dattijuwa, Madam Kumba. Gaisuwarsu ta fi tamu tsawo, sunan gidanku za a yi ta maimaita maka, kai ma kana maimaita nasu. Ina tsakar gida sai na ji kukan rago daga sama. Na ɗaga kai, wallahi raguna ne a kan bene! Na hau na gani da idona: farare, dogaye, wani ya kai mini ƙirji, an share musu wuri ga fanka. Mu da muke da daji iyakar ganinka ba mu taɓa yi wa dabba wannan gata ba. Abinci kuwa a faranti ɗaya babba ake ci, maza da mata, shinkafa ja da kifi. Uwar gida ba ta ci sosai, aikinta ta gutsuro kifi da kabewa ta turo gabanka. Duk lokacin da na ce na ƙoshi sai wani yanki ya faɗo gabana.

Bayan mun ci muka shiga ɗakin Mutari na buɗe jakar. Na faɗa masa gaskiya, ban ɗora wa kowa ba. Ya ɗaga ta ya juya, ya ga layukan, ya yi ɗan murmushi don kada in ji ciwo.

"Ba komai, Baba. Dama wani abokina ya ara mini tasa. Wannan sai in sa ta wani lokaci."

Ya nuna mini ta aron a rataye a bango, sumul, ta kanti. Maganar nan ta fi zagi yi mini zafi. Gobe da hantsi ne sutanans. Na ce ina banɗaki mai ruwan zafi? Ya ce a nan da bokiti ake wanka. Na ce masu wankin kwat fa? Ya buga waya, suka ce sai jibi. Na zauna bakin katifa na rasa abin da zan koma in gaya wa Yaya.

Madam Kumba ce ta leƙo kawo shayi ta same mu haka. Ta tambayi Mutari da yarensu, ya ba ta amsa. Ta ajiye tire, ta ɗauki kwat ɗin, ta dube ni, ta faɗi wata magana mai tsawo. Na ce me ta ce? Mutari ya ce, "Ta ce Allah ya shirye ka." Na san ya rage wani abu. Ashe mijinta marigayi ma'aikacin gwamnati ne, shekara talatin tana kula da irin waɗannan.

Ta fito da madambacin da take turara dambun geronsu, ta wanke shi da sabulu har sau uku don kada ƙamshin abinci ya kama, ta zuba ruwa zalla ta ɗora a wuta. Da tururi ya tashi ta ba ni maratayin ta ce in riƙe sama. Ta naɗe hannunta da tawul ta tura cikin kwat ɗin, tana kai kowane layi bakin tururi, tana shafa shi daga ciki, tana ja a hankali. In ta gama wuri sai ta fifita shi ya huce kafin ta matsa gaba. Hannuna ya sake mutuwa, zufa ta jiƙa ni, ban sauke ba. Layi na farko ya ɗauki lokaci har na fid da rai, can sai na ga ya dushe, ya ɓace. Na yi kabbara da ƙarfi har ragunan bene suka amsa. Wandon kuwa ta shimfiɗa masa ɗanyen ƙyalle ta bi da dutsen guga, ta kashe layukana duka, ta fitar da guda ɗaya a gaban kowace ƙafa. Ashe akwai karin da aka yarda da shi, ni ne ban san mazauninsa ba.

Tana cikin gyaran kafaɗu sai ta tsaya. Ta matsa ta dama, ta matsa ta hagu, ta kira Mutari. Ya ce, "Baba, wai cikon hagu ya fi na dama kauri." Na taɓa na ji haka ne, bambancin a fili yake. Zuciyata ta karye. Na ce a raina idon Yaya ne ya ci amanarsa, ga shi kuma a gaban baƙi. Na ce wa Mutari ya gaya mata mai ɗinkin ba ya gani sosai. Ta ce a bari ta sha iska tukuna a gwada.

Kafin magariba Mutari ya sa ta. Ya ɓalla maɓalli ya tsaya gaban madubin Madam Kumba. Kafaɗun nan biyu suka zauna daidai kamar an aza musu ma'auni. Ya daɗe yana kallo, ya kai hannu ya dafa ta hagun. Ya ce:

"Baba, ka tuna faɗuwar da na yi daga raƙumi ina aji huɗu?"

Sai a lokacin na tuna. Ƙashin kafaɗarsa ya karye, aka yi ɗori, ta warke ta ɗan sauka ƙasa. Ni kaina na manta, ba mai lura sai wanda ya ƙura ido.

Ya ce, "Awon da na aika wa Inna babu wannan a ciki. Telan nan da ya auna ni ma bai gani ba." Ya juyo ya dube ni. "Ni duk zatona bai taɓa kallona ba."

Ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa. Madam Kumba ba ta nemi fassara ba, ta kwashe madambacinta ta ba mu wuri. Da ya fito sai ya sauke ta aron daga bango ya sa a leda.

Washegari ya tsaya gaban malamai huɗu masu jajayen alkyabbu. Ban fahimci rabin abin da aka faɗa ba, na dai ji ana ambaton raƙuman Damargu da ciwon da ke kama su, kuma duk tambayar da aka jefo ya cafe. Ni bayansa nake kallo, ina neman ragowar layi, ban samu ba. Aka tashi tsaye, ya ɗaga hannu ya yi rantsuwar aiki, aka ce daga yau likita ne. Madam Kumba ta rangaɗa guɗa irin tasu, ni kuma na yi kuka ban ɓoye ba.

Na ƙara kwana uku. An kai ni bakin teku, na ga ana yi wa raguna wanka da sabulu a cikinta, wannan ma sai mun zauna. Cukun da na kawo Mutari ya raba biyu ya ba Madam Kumba, ta gutsura ta ce da guduma ake cin sa? Na nuna mata a jiƙa shi a shayi. Ranar tafiya na tsaya yi mata godiya, Hausa ta ƙare, faransanci ya ƙare, sai na ɗaga hannu na yi mata addu'a, ta shafa tare da ni.

Ban wuce gida Belbeji ba sai da na tsaya Tanut. Na samu Yaya a zaure, na ba shi babban hoton da aka wanko. Sannan na faɗa masa komai, har buhun shinkafa. Na sa ran faɗa. Sai ya yi dariya har da tari, ya ce, "Dillali dai dillali ne." Ya tambayi sunan matar da na mutumin Kumasi, ya sa musu albarka ɗaya bayan ɗaya, da mai sanda wanda ba mu san sunansa ba.

Ya ɗauki hoton ya kai shi dab da fuskarsa, ya matsar da shi, ya juya wajen hasken ƙofa. Sai na lura a kife yake riƙe da shi. Na miƙa hannu na gyara masa.

"Da ya ɗaga hannu, kwalar ta tashi daga wuyansa?"

"Ba ta tashi ba, Yaya."

"Kafaɗar fa?"

"Ta zauna. Ya gane."

Ya shafa takardar da babban yatsa. Can ya rage murya don kada a ji daga cikin gida, ya ce:

"Habu, wane launi ne yadin? Na ce a sawo shuɗi mai duhu, amma na ji nauyin in tambayi Rakiya."

Wata biyu yana ɗinka ta. Na ce, "Shuɗi ne mai duhu, Yaya, irin na rini. Ya yi masa kyau ƙwarai."

Ya ce, "To alhamdulillahi. Haka na gan shi."